Darasin Wata: Rabuwar Ikilisiya a Kan Auren Jinsi Ɗaya da Hidimarmu ta Agaji

A kwamitocinmu na Jega, Aliero da Maiyama 'yan ɗarika daban-daban ne ke zama a benci ɗaya. Saboda haka ya kamata mu san abin da ya raba ikilisiyoyi a duniya, kada ya shigo ya raba aikinmu.

Yadda abin ya faro

A 1998 bishop-bishop na Angilikan suka taru a taron Lambeth a Ingila, suka ce luwaɗi da maɗigo ba su dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ba. A cikin shawarar kuma suka ce a saurari irin waɗannan mutane, a yi musu hidima. A 2003 ikilisiyar Amurka ta keɓe Gene Robinson, mutum mai zama da namiji, ya zama bishop. Babban Bishop Peter Akinola na Nijeriya ya ƙi yarda, kuma yana cikin waɗanda suka kira taron GAFCON a Urushalima a 2008. A Disamba 2023 fadar Paparoma ta ba da izinin sa albarka ga masu irin wannan zama, ba a matsayin aure ba, amma a Janairu 2024 bishop-bishop na Katolika a Afirka suka ce ba za su yi ba.

Ikilisiyoyin ƙasarmu sun tsaya a kan Farawa 2 da Romawa 1: aure na mace da namiji ne. Waɗanda suka canza a Turai da Amurka suna cewa ayoyin ba su shafi zaman amana na mutum biyu ba. Dokar Nijeriya ta 2014 ta haramta auren jinsi ɗaya.

Abin da ya faru a Taraba

A 2024 babban taron United Methodist a Amurka ya cire hanin da ke cikin dokokinsa. A Nijeriya ɗarikar ta rabu biyu, aka shiga jayayya a kan majami'u da kadarori. A Disamba 2024 aka yi rikici a Munga Dosso, ƙaramar hukumar Karim Lamido, mutum 3 suka mutu, biyu daga cikinsu ƙananan yara ne. Gardamar koyarwa ce ta koma ta mallakar gini, har jini ya zuba.

Abin da za mu riƙe

1. Koyarwa aikin fastoci da dattawa ne. Kwamitin rijiya ba majalisar ɗarika ba ne.
2. Kowace rijiya, injin ban-ruwa ko rumbun albasa a rubuta sunan al'ummar da ta mallake shi tun ranar farko, da shaidar mai gari.
3. Lokacin ambaliyar 2020 ruwa bai tambayi manomin shinkafa ɗarikarsa ba. Mu ma ba ma tambaya kafin mu ba da buhu, Kirista ne ko Musulmi.
4. Kada mu yaɗa zargi a kan kowa. Jita-jita irin wannan tana iya tara taron da zai kashe mutum.

Tambayoyi don tattaunawa

Ku karanta Yahaya 8:1-11 da 1 Korintiyawa 6:1-8. Yaya Yesu ya yi da matar da aka kawo masa, yaya kuma ya yi da masu duwatsu? In ɗarikarku ta rabu gobe, wa zai riƙe makullin rumbun ƙauyenku?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.