Darasi na 14: Gano Matsalar Sansar Totur a Mota

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa shiga motar da direbanta ya taka totur domin ya wuce tirela, amma injin ya yi kamar ya shaƙe, sannan ya zabura. Wannan abu yana da haɗari ƙwarai, musamman idan wata mota tana tahowa daga gaba. Sau da yawa, abin da ke jawo hakan wata ƙaramar na'ura ce da makanikai ke kira sansar totur.

Inji ba ya aiki sai da iska da fetur. Iska tana shiga ta wani bututu da ake kira maƙogwaron inji. A cikinsa akwai faifan ƙarfe wanda yake buɗewa idan an taka totur. Sansar tana manne a gefen maƙogwaron. Aikinta shi ne ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, yawan buɗewar faifan, ita kuma ta ƙayyade fetur ɗin da ya dace.

A yawancin motoci, sansar tana da wayoyi 3. Ta farko tana kawo wuta mai ƙarfin bolt 5, ta biyu ta ƙasa ce, ta uku kuma ita ce mai kai saƙo. Idan ba a taka totur ba, mai kai saƙo tana nuna kusan rabin bolt. Idan aka taka shi har ƙasa, takan kai kusan bolt 4.5.

Idan sansar ta lalace, za ka ga wasu alamomi. Injin yakan riƙa ɗaukewa a tsaye, ko ƙararsa ta riƙa hawa da sauka. Motar takan sha mai fiye da kima, giya mai canja kanta takan shiga da fizga, kuma fitilar gargaɗi takan kama a gaban direba.

Makanike nagari ba ya gaggawar tura mai mota kasuwar Ladipo a Legas ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Yakan bi matakai. Da farko, yakan jona na'urar bincike. Tun daga 1996, dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin bincike na OBD-II, kuma motocin tokumbo da yawa daga can suke zuwa. Lambar P0122 tana nufin wutar saƙon ta yi ƙasa, P0123 kuwa ta yi yawa.

Sai dai lamba kaɗai ba ta tabbatar da cewa sansar ta mutu. Saboda haka, sai ya duba soket da wayoyi, domin tsatsa, ko ruwan wankin inji, ko cizon ɓera, duk suna iya kawo wannan matsala. Bayan haka, sai ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ɗora mita a kan wayar saƙo, ya buɗe faifan sannu a hankali. Idan lambar mitar ta hau daki-daki, sansar lafiya lau take. Idan kuwa ta yi tsalle ko ta faɗi kwatsam, cikinta ya cinye, sai a sauya ta. Wani lokaci kuma datti ne kawai ya taru a maƙogwaron, wanki ya isa.

A sababbin motoci da yawa, sansar a haɗe take da maƙogwaron, don haka gaba ɗaya ake sauyawa, sannan a saita ƙwaƙwalwar ta saba da sabon. Ka tuna, bincike kafin saye yana tsare dukiya, gyara da wuri kuma yana tsare rai. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi
totur: abin da direba ke takawa don ƙara gudu
maƙogwaro: hanyar shigar iska
zabura: tashi da ƙarfi ba zato
tsatsa: lalacewar ƙarfe saboda danshi
bolt: ma'aunin ƙarfin wutar lantarki

Tambayoyi
1. Mene ne aikin sansar totur?
2. Kawo alamomi 3 na lalacewarta.
3. Me ya sa makanike ke duba wayoyi kafin ya sauya sansa?

Nahawu: Umurni da Hani
Duba waya. Kada ka tayar da inji.
Maimaita waɗannan jimloli kana magana da mace, sannan da mutane da yawa.

Aikin Gida
Ziyarci garejin da ke kusa da ku, ka rubuta sunayen kayan aiki 5 da Hausa.