Shugaba Nagari da Kiyaye Muhalli a Wurin Aiki: Darasi Daga Kachia

Kachia gari ne na ma'aikata da manoma a kudancin Jihar Kaduna. A nan Makarantar Sojojin Igwa take, a nan kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar jami'a a shekarar 1925 da ɗari, watau 2025. Ƙasar ta yi suna wajen noman citta, kuma koramunta da dama suna zuba cikin kogin Gurara, wanda daga madatsarsa ake tura ruwa zuwa Abuja. Saboda haka abin da ma'aikaci ya zubar a rafi a wannan yanki yana iya shafar mutanen da bai taɓa gani ba.

To, me ke sa ma'aikaci ya kula da muhalli? Babban dalili shi ne halin shugabansa. Shugabanni iri uku ne.

Na farko shi ne mai tsawa da horo. Misalinsa ya bayyana a shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a wanda gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984, ta kuma ƙara masa tsabtace muhalli a 1985. An share tituna, an yashe magudanu, amma da yawa sun yi ne don tsoro. Aikin tsoro kuwa ba ya wuce inda idon shugaba ya tsaya.

Na biyu shi ne mai sakaci. Yakan manna doka a bango, sa'an nan ya tashi ofis ya bar fitila da fanka a kunne. Ma'aikata ba su karanta bango, shugaba suke karantawa.

Na uku shi ne mai jan gora da aikinsa. A gonar citta, ba ya tsaya ga cewa kada a wanke tankin feshi a rafi. Yakan bayyana cewa maganin yana kashe kifi, yana kuma cutar da masu ɗiban ruwa. Yakan keɓe wurin wanki nesa da ruwa, ya sa a huda robobin magani don kada a zuba manja ko ruwan sha a ciki, shi ne kuma zai fara yi da hannunsa. Ma'aikatansa sukan ci gaba da haka ko ba ya nan.

Domin cim ma wannan, lalle ne kowane shugaba ya kiyaye abubuwa huɗu:

1. Ya fara aikata abin da ya umarta.
2. Ya faɗi dalilin kowace doka.
3. Ya tanadi kayan aiki, kamar kwandon shara, safar hannu da ruwan ban itatuwa.
4. Ya saurari ƙananan ma'aikata, ya yaba wa mai himma a gaban jama'a. Sau da yawa mai shara da direba su ne suka san inda ɓarna take.

Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, tana tsara manufofi, amma ba ta iya tsayawa a kan kowane lebura. Wannan nauyi yana wuyan sakatare, hedimasta, manaja da mai gona. Hausawa sun ce inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.