Yadda Ake Kwashe Bayanan Kasuwanci Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro ga masu amfani da Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Da yake Windows 11 ba ya hawa kan tsofaffin na'urori da yawa, 'yan kasuwar Garki, daga Area 1 har Area 11, suna fuskantar sayen sababbi. Sayen ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wajen kwashe lissafin shekaru ba tare da an bar kome a baya ba.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana takardun lissafinsa har shekara 6. Saboda haka rasit ɗin da ya ɓace wajen ƙaura yana iya zama rigima ranar da jami'an haraji suka zo bincike.

Kafin kome, a kwafe fayiloli a faifai biyu na waje, a ajiye ɗaya a wani wurin da ba ofis ba. A kula: faifan da aka tsara bisa FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4. A kuma jona na'urar da UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana lalata fayil.

Inda aka fi yin asara shi ne manhajar lissafi, irin su Sage da QuickBooks. Manhaja ba ta ƙaura da kwafi. Sai an sake girka ta da lambar lasisinta, sa'an nan a maido da ajiyar da aka fitar daga cikinta. Mai gyaran da ya ce ya kwafe kome cikin minti goma, a tuhume shi. Akanta ya gwada jimlar bashi da ta kaya a na'urorin biyu. In kwabo ya bambanta, aiki bai ƙare ba.

Kada a yi gaggawar sayar da tsohuwar, a bari a rufe lissafin wata guda tukuna. Goge fayil ba ya kawar da shi daga faifai, alhali dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai kamfani alhakin bayanan abokan cinikinsa. A wanke faifan sarai, ko kuwa a cire shi a kulle a ofis.