Dokokin Mai Keke Daga Kanal ɗin Kura Zuwa Dajin Falgore

Samarin Kano sun gano daɗin keken daji, mai faffaɗar taya da giya barkatai, sun kuma gano cewa kudu da birni akwai filin da ya dace da shi. Ka sauka daga titin Zariya a Kura, sai ga hanyoyin ƙasa sun bi gefen kanal sun miƙe ta Bunkure da Kadawa da Garun Malam. Ka ƙara gaba ka tarar da duwatsun Rano da madatsar Tiga, can ƙurya kuma ga dajin Falgore da tsaunukan Riruwai. Abin yana burge ni, ina kuma son ya ɗore, don haka zan yi magana ba sakayawa.

Ba don wasa aka yi waɗannan hanyoyi ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, domin ruwan kogin Kano ya shayar da gonakin rani, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Hanyar gefen kanal ta manomi ce da ma'aikacin ruwa da mai ɗaukar kwandon tumatir. Kai baƙo ne a kanta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wannan wasa ya samo asali a shekarun 1970, gangancin mahaya ya sa hukumomi suka fara rufe musu hanyoyin daji, har dole ta sa ƙungiyoyinsu suka haɗu a 1988 suka gindaya wa kansu ƙa'idoji. Mu kada mu jira sai dagaci ya hana mu wucewa.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka duba kekenka tun dare. Matsa birkin gaba da na baya, ka tabbata kowanne yana kamawa kafin hannun ya taɓa kan keke. Girgiza tayoyi, ka ɗaure duk abin da ke motsi. Goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka sake gogewa, domin mai da ƙura in sun haɗu cinye haƙoran giya suke yi.

2. Ka sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka rataye a kan keke ba ta taɓa ceton kowa ba. Gefen babban kanal siminti ne, hanyar Rurum kuma dutse ce tsantsa. Wanda ya ce zafi ya hana shi sawa, ya zauna a gida.

3. Ka ɗauki kayan faci ka kuma iya amfani da su: famfo, gam, faci, sifana, da tif na ajiya. Tsidau da ƙashin yawo sun cika bakin gonaki, ƙayarsu kuma ba ta raga wa taya ko ta nawa ce. Kafin ka mayar da tif, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka ciro ƙayar, in ba haka ba za ka sake tsayawa kafin ka yi nisa. Mai faci yana bakin kasuwa, ba ya tsakiyar gonar shinkafa.

4. Ka fita bayan sallar asuba, ka nufi gida kafin rana ta take. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki. Ka tafi da ruwan sha aƙalla lita 2, da ƙullin gishiri da sukari. In ka ji jiri ko ciwon kai, ko gumi ya ɗauke maka alhali kana cikin rana, ka sauka ka shiga inuwa nan take. Lokacin hunturu kuwa hazo kan rufe gabanka, sai ka sa riga mai haske ka kunna fitila.

5. Ka yi sallama. In ka zo wuce mutane suna aiki, ka rage gudu ka ce "sannunku da aiki". In dattijo ne a kan hanya, ka sauke ƙafa ƙasa ka gaishe shi yadda ya kamata: "Baba, barka da rana, ko nan ce hanyar Bunkure?" In ayari ne ku, ku fara biyawa ta wurin mai unguwa. Ranar da ƙafarka ta karye, waɗannan mutanen ne za su ɗauke ka a amalanke.

6. Ka ba kowa hanya, kai ne na ƙarshe. Mai tafiya a ƙasa, yarinya mai talla, jaki da mangala, babur ɗauke da kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan, duk sun fi ka haƙƙi. Mai baburin nan in ya taka birki da ƙarfi, kayan da aka yi wata uku ana wahalarsu ne za su watse a ƙasa. Tsakaninku mahaya kuma, mai gangarowa ne ke kaucewa mai haurawa.

7. Ka koyi gangara kafin ka je Rano. Rage tsawon sirdi, ka miƙe a kan feda, ka mayar da nauyinka baya, ka kama birki biyu tare a hankali. Ka rage gudu kafin kwana, kada ka bari sai kana cikinta. Idonka ya kasance a inda kake son bi, domin wanda ya zura wa dutse ido dutsen zai daka. Wajen hawa, ka sauya giya tun kafin tudun ya fara, kada ka tilasta wa sarƙa tana ƙara. A yashi da tsakuwa ka ɗan rage iskar taya don ta kama ƙasa.

8. Ku tafi aƙalla ku uku, ka kuma bar saƙo a gida: ga inda muka nufa, ga lokacin dawowa. In ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya je neman taimako. Akwai kwaruruka da lungunan duwatsu inda waya ba ta da amfani.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka shiga kanal, ko don wanka, ko don wanke keke, ko don gajarta hanya. Ruwan babban kanal yana kwance a ido amma yana gudu a ƙasa, bangonsa kuma gansakuka ta lulluɓe shi, hannu ba ya samun abin kamawa. Inda ruwan ya nutse ƙarƙashin hanya, jan mutum yake yi ya shige da shi. Ƙananan magudanun su ma ba lafiya ba ne: katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya tana zaune cikin ciyawarsu, ƙwayar kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. In ka ga jini a fitsari bayan ka taka ruwan, ka tafi asibiti, maganin yana nan.

2. Kada tayarka ta hau kunya ko gaɓar fangali. Wannan ɗan tudun ƙasa da kake gani kamar ba komai ba, shi ke riƙe ruwan da manomi ya kwana yana jiran layinsa ya zo. Taya ɗaya ta fasa shi, ruwan ya tsiyaye gonar maƙwabci, rigima ta tashi bayan kai ka kai gida. Mesa in ta gitta hanya, ka sauka ka ɗaga kekenka ka tsallake. Shanyar shinkafa a gefen hanya kuma abinci ce, ka kewaye ta.

3. Kada ka taɓa ƙofar ruwa. Ba abin jingina keke ba ce, ba abin murɗawa don gwaji ba ce. Rabon ruwa yana da tsari tsakanin hukuma da ƙungiyoyin manoma, kuma na ƙarshen layi ne ke cutuwa duk lokacin da wani ya yi wasa da ita.

4. Kada ka tsinki komai a gonar da ba taka ba. Tumatir ɗaya ba da izini ba sata ce. Ba ka kuma san ranar da aka yi masa feshin magani ba. Ka tambaya, ka saya, ka wanke.

5. Kada ka hau hanyar laka bayan ruwan sama. Taɓo zai cushe tsakanin taya da birki har keken ya ƙi motsi, sawun da ka bari kuma zai bushe ya zama rami ga mai babur har ƙarshen damina. Kada ka ƙetare rafi ko kogin Kano don jiya ka ga an ƙetare. Ruwan da aka yi a can sama, ko wanda aka saki daga madatsa, yakan iso babu sanarwa.

6. Kada ka ratsa garke. In ka haɗu da shanu a burtali, ka tsaya gefe, ka yi shiru, ka bar ƙararrawa, ka jira makiyayi ya ba ka hannu. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba.

7. Kada ka shiga Falgore da ka. Gandun daji ne mai doka, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma tun 2017 sojoji ke atisaye a cikinsa. Sai da izinin jami'an gandun daji, da ɗan jagora ɗan yankin, kuma da rana. In jami'an tsaro sun ce a koma, a koma ba musu. A Riruwai kuma kada ka kauce daga turbar da mutane ke bi, domin tsoffin ramukan haƙar kuza suna nan ciyawa ta rufe bakinsu.

8. Kada ka kunna wuta a daji, kada ka yar da guntun taba. Ciyawar rani ba ta buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya. Kada ka zura hannu a kogon dutse ko ƙarƙashin kututture, nan kububuwa da kasa ke fakewa. In sara ya auku, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau: a kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a garzaya asibiti.

9. Kada ka yar da leda. Ledar ruwan da ka jefar kanal za ta faɗa, ta toshe bututu, ko akuya ta haɗiye ta. Abin da ka zo da shi, ka koma da shi a aljihu.

10. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ya yarda, musamman mata da yara, kuma kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro. Kada ka shiga ƙauye da matsattsen gajeren wando, ka ɗora sakakke a kai. Kada ku ratsa gaban masu salla.

Shugaban ayari shi zai karanta wa kowa waɗannan kafin a tashi, shi zai duba hula da birki ɗaya bayan ɗaya, shi kuma zai tsaya ya ba da haƙuri ya biya diyya in an yi ɓarna a gona. Wanda ya karya doka sau ɗaya a ja masa kunne. In ya maimaita, a cire shi daga tafiya ko ɗan wane ne, domin laifin mutum ɗaya kan sa gari guda ya rufe wa duk mai keke hanya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.