Amanar Ofis da Hulɗar Ɓoye: Darasi ga Maƙarraban Shugabanni

 

Darasin wannan mako ya shafi mutanen da ke kusa da masu mulki, wato sakataren shugaban ƙaramar hukuma, da mai taimaka wa ɗan majalisa, da mai riƙe masa takardu da waya. A gari kamar Guri, cikin masarautar Haɗeja, kowa ya san ɗan kowa. Idan irin wannan ma'aikaci ya shiga wata hulɗa ta ɓoye da macen da ba muharramarsa ba, ko ma'aikaciya ta yi haka da wani namiji, kafin maganar ta isa Dutse ta riga ta zaga kasuwa da bakin masallaci. Abin da ya fi kunyar nauyi kuwa shi ne, duk wanda ya san asirin ya sami igiyar da zai ja shi da ita, har ya kai ga sirrin ofis da dukiyar jama'a.

Tarihi ya nuna haka. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yake shirin buɗe Makka a asirce, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa, ya ba wata mace ta kai. Aka tura Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu, suka cim mata a Raudatu Khakh, ta fito da wasiƙar daga cikin kitsonta. Haɗibu ba munafuki ba ne, ya halarci yaƙin Badar, kuma saboda haka aka yafe masa. Uzurinsa shi ne iyalinsa suna Makka ba mai kare su. Alaƙar nan tasa halal ce tsantsa, amma duk da haka ta kusa jawo wa Musulmi babbar ɓarna, har farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kanta. To, ina ga alaƙar da mai ita yake tsoron a ji?

Turawa ma sun ɗanɗana. A zamanin da Jamus take rabe biyu, masu leƙen asirin ƙasashen gurguzu sun riƙa tura samari su yaudari sakatarorin ofisoshin gwamnati a birnin Bon da sunan soyayya. A 1985 aka kama wata sakatariya a ofishin Shugaban Ƙasar Jamus ta Yamma, bayan ta yi shekaru tana miƙa wa masoyinta takardu.

Musulunci ya toshe ƙofar tun daga nesa. Ya hana keɓancewa, ya kuma koyar da guje wa wuraren zargi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana Safiyya ta ziyarci Annabi da dare yana i'itikafi, ya taka mata. Wasu Ansaru biyu suka gan su, suka ƙara sauri. Sai ya tsai da su ya shaida musu cewa matarsa ce, don gudun kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Wanda Allah Ya tsare daga saɓo ke nan bai bar zato ya kwana ba.

Su ma masu baza labari da nasu kason, musamman lokacin zaɓe, da abokan hamayya suke farautar abin faɗa. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke wa wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu 4 ba bulala 80, kuma ba a karɓar shaidarsa. Ganin mutum biyu cikin mota ɗaya, ko hoton da aka tura a waya, bai kai shaida ba.

Akwai masu cewa ai aure suka ɗaura, sai dai sun ɓoye don gudun uwargida ko maigidan siyasa. A mazhabar Imamu Malik, wadda malaman ƙasar nan suke bi, waliyyi da sadaki da shaidu biyu ba su wadatar ba muddin miji ya umarci shaidun su rufe maganar. Wannan shi ne auren sirri, kuma alƙali yana raba shi, ko da an tare, sai fa idan zaman ya yi tsawo.