Ɗan Baiwa a Zarewa da Ɗan Baiwa a Amurka

Mu mutanen Yola da Karaye da Rogo duk mun san Zarewa. Kusa da ita aka yi wani ƙauye, Karo. Can aka haifi wata mata, Baba, wajen 1877. Da ta tsufa ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954.

Gidansu Baba suna da rinji, watau ƙauyen bayi. Bayi su yi noman ubangijinsu daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan kowa ya tafi gayaunarsa. In bawa ya auri baiwa suka haihu, ɗan ma na ubangiji ne. Shi ake kira bacucane. Amma in ubangiji ya sa baiwa a ɗaka ta haifa masa, wannan ɗa ne sosai, yana gadon ubansa. Sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne.

To, a wannan zamani Amurka ma ba ta daɗe da barin bauta ba. Bayinsu baƙaƙe ne, daga Afirka aka kwashe kakanninsu cikin jiragen ruwa, mafi yawa daga nan yamma. A 1662 Turawan wani yanki, Bajiniya, suka kafa doka cewa ɗa uwarsa yake bi. Ko ubansa Bature ne mai gona, in baiwa ta haife shi bawa ne, uban yana iya kai shi kasuwa. Ku duba nauyin da wannan doka ta ɗora wa mace: duk abin da ta haifa dukiyar wani ne.

Kada mu ce tamu bautar mai daɗi ce. Baiwar da aka sa a ɗaka ba a tambaye ta ba. Sai dai a nan jikan bawa yana iya ƙaura, ya shige cikin jama'a. Can kuwa launin fata ba ya ɓoyuwa. An hana bauta a Amurka a 1865, amma aka ci gaba da ware wa baƙaƙe makarantu da wurin zama a mota. Matan Amurka sun sami ikon jefa ƙuri'a a 1920, duk da haka baƙar mace a kudancin ƙasar sai bayan dokar 1965 ta sami jefawa ba tsangwama.

A nan Arewa, dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne. A 1936 aka soke bauta ɗungum. Maza sun yi zaɓe a 1959, mata kuwa sai 1976. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga wannan rana ba.

Kafin aji na gaba, kowa ya tambayi wata tsohuwa inda rinji yake dā a ƙasarmu, ya rubuto sunan wurin.