KIWON KIFI: WANE IRI ZA KA ZUBA A SABON TAFKINKA?

Manoma da yawa a Babban Mutum da sauran ƙasar Baure sun fara sha'awar kiwon kifi. Wasu sun haƙa rami a fadama, wasu sun gina kwarami na siminti a bayan gida. Wannan abu ne mai kyau, gama kifi abinci ne mai gina jiki, kuma ba ya kwantai a kasuwa. Amma akasarin hasarar da sabon mai kiwo ke yi, tun ranar zuba kifi yake jawo ta. Ba kowane kifi ne ke jure wa irin wurinmu ba, kuma ba kowane kifi ne ke zaman lafiya da ɗan'uwansa ba.

FARA DUBA HALIN WURINKA

Ƙasarmu jigawa ce, tana shanye ruwa da sauri. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Da bazara ruwan tafki yakan yi zafi ya ja baya, da hunturu kuwa ya yi sanyi har kifi ya rage cin abinci. Saboda haka kifin da ya dace da mu shi ne mai jure zafi da ƙarancin ruwa, wanda zai isa sayarwa cikin wata 5 zuwa 6.

Kafin ka haƙa rami, jiƙa ƙasar wurin, ka dunƙule ta, ka jefa sama ka cafe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. Sai ka daɓe ramin da yumɓu, ko ka shimfiɗa leda mai kauri, ko ka gina na siminti. Zurfin ruwa ya kai mita 1 zuwa 1 da rabi.

KIFAYE BIYU DA SUKA DACE DA SABON MAI KIWO

1. Tarwaɗa. Tana cikin kifayen da suka fi juriya. Ban da hanyar numfashi irin ta sauran kifaye, Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita. Shi ya sa kake ganin tana leƙowa saman ruwa. Tana rayuwa a ruwan da ya gurɓace wanda zai kashe wani kifin. In ta samu abinci mai kyau takan kai rabin kilo zuwa kilo 1 cikin wata 6. Aibinta ɗaya: babba tana cin ƙarama.

2. Ƙarfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Ba ta da tsadar ciyarwa. Tana cin ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore, da dusar gero ko ta masara, da ganye mai laushi. Aibinta shi ne yawan haihuwa. Uwar takan riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, don haka 'ya'ya da yawa ke tsira. Kafin ka ankara tafki ya cika da ƙanana, abinci bai ishe su ba, duk su tsumbure.

YADDA AKE HAƊA SU

Aibin ɗaya shi ne maganin aibin ɗayar. In ka haɗa su a tafkin ƙasa, tarwaɗa za ta riƙa cinye 'ya'yan da ƙarfasa ke haifa, ta samu nama, manyan ƙarfasa kuma su samu sarari su girma. Amma sai an bi ƙa'ida:

1. Fara zuba ƙarfasa. A tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, zuba 'ya'yan ƙarfasa kamar 200.
2. Jira wata 1 zuwa 2, sai sun yi ƙwari.
3. Sa'an nan ka zuba 'ya'yan tarwaɗa kamar 40 zuwa 50.
4. Lalle ne tarwaɗar ta kasance ba ta kai girman ƙarfasar ba. Duk abin da ya shiga bakin tarwaɗa, abincinta ne.

In kwaramin siminti gare ka, ko ruwanka kaɗan ne, kada ka haɗa. Zuba tarwaɗa zalla, masu girma ɗaya. A wata biyun farko ka riƙa tace su kowane mako 2, kana ware waɗanda suka yi wa 'yan'uwansu zarra. Za ka kuma riƙa canja ruwa da zarar ya fara wari.

Akwai bargi, shi ma yana zaman lafiya da ƙarfasa, amma yana son babban tafki, kuma samun 'ya'yansa da wuya. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

WAƊANDA BA ZA KA BARI SU SHIGA BA

Giwan ruwa, da tsage, da yauni, duk mafarauta ne, kifi suke ci. Gaiwa takan shige cikin laka ta kwana rani, ruwa na dawowa ta fito ta afka wa 'ya'yan kifinka. Minjirya kuwa ga cin kifi, ga jan mutum in ya taɓa ta.

Na taɓa ziyartar wani manomi da ya sayi bokiti guda na ƙananan kifi gauraye daga hannun masunta, don ya ga sun fi araha. Ya yi wata 5 yana zuba dusa da ƙuli-ƙuli. Ran da aka janye ruwa, 'yan manyan kifaye ƙalilan aka tarar, sauran duk sun tafi cikinsu. Araha ba ta ado. Kifin da aka kamo daga madatsar ruwa kamar Sabke ko Daberam na miya ne. Wanda ba gwani ba ba zai iya rarrabe irinsu suna ƙanana ba, kuma sukan zo da cuta.

SAYEN 'YA'YAN KIFI

Saya daga wurin masu ƙyanƙyasa da aka sani. Zaɓi masu tsawon yatsa ko fiye, gama sun fi ƙanana ƙwarai jure wahala. Su zama kai ɗaya, masu kuzari, ba rauni, ba farin tabo a jiki. Wanda ya rataye a saman ruwa kai sama, wutsiya ƙasa, ba ya motsi, ba shi da lafiya. Kada a ba su abinci kwana ɗaya kafin tafiya. Ɗauko su da sassafe ko da yamma.

SHIRYA RUWA KAFIN SU ISO

Sabon siminti yana da guba ga kifi. Cika kwaramin da ruwa, ka bar shi mako 2, ka zubar, ka wanke sosai, ka sake cikawa. Tafkin ƙasa kuwa, ɗaure busasshen kashin kaji ko na shanu a buhu ka jefa ciki, ka jira mako 1 zuwa 2 har ruwa ya yi kore. Tsoma hannunka zuwa gwiwar hannu. In kana ganin tafin hannunka sarai, ƙara taki. In ya ɓace tun kafin ruwa ya kai rabin hannu, taki ya yi yawa, cire buhun.

Ran zubawa kada ka juye kifin kai tsaye. Ajiye mazubin a kan ruwan tafki minti 15 zuwa 20, kana ɗan ƙara masa ruwan tafkin, sa'an nan ka karkata shi su fita da kansu. Kada ka ba su abinci sai washegari.

KA TUNA

Kewaye tafki da raga ko zana saboda kwaɗi, da guza, da tsuntsaye, da kuma yara. Kada a wanke famfon feshi ko gwangwanin maganin ƙwari kusa da ruwan. Fara da kaɗan, ka rubuta ranar zubawa, da adadi, da kuɗin abinci. In ka zuba da farkon damina, za ka kwashe kafin sanyi ya kankama. Abin da bai shige ɗanye ba, a yi banda a kai kasuwar Babban Mutum, ko Baure, ko Zango, ko Daura.

Binciken kiwon kifin ruwan daɗi a ƙasar nan yana hannun cibiyar da ke New Bussa, kusa da madatsar Kainji a Jihar Neja. A nan gida kuwa, kafin ka biya kuɗin 'ya'yan kifi, nemi malamin gona na KTARDA da ke yankinku ya zo ya duba tafkinka. Rigakafi ya fi magani.